Ganuwa, Ƙofa da Magini: Makomar Tsofaffin Gine-ginen Ƙasar Kano



Abin da za a yi magana a kansa yau shi ne tsofaffin gine-ginen ƙasar Kano, watau ganuwoyi da ƙofofi da soraye da masallatai, da kuma halin da suke ciki. Bisa al'ada, in an tashi irin wannan magana daga Dala ake farawa, a biyo ta Gidan Rumfa, a ƙare a Kurmi, kamar dai babu wani gari da ya taɓa ɗora tubali bisa tubali in ban da birnin. Wannan karon za a saɓa wa al'adar, a faro daga Karaye, can yamma maso kudu da birni, kusa da kogin Calawa. Dalili kuwa shi ne ganuwar Kano tana da masu yi mata kuka, ana rubutu a kanta, ana ɗaukar hotonta, amma ganuwoyin garuruwan da suka tsare Kano daga nesa suna narkewa shiru, ba mai aunawa, ba mai rubutawa. Daga baya za a leƙa ƙasar Polan, a can Turai ta tsakiya, domin akwai biranenta biyu da labarinsu ya shafi wannan batu, akwai kuma wani mutumin ƙasar da ginin Hausa ke bin sa godiya.

Littafin nan na Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci Karaye tun a zamanin Sarki Yusa, wanda ake yi wa laƙabi da Tsaraki, aka kuwa ƙiyasta sarautarsa daga 1136 zuwa 1194. An ce shi ne ya ƙarasa ganuwar da ubansa Gijimasu ya soma, sa'an nan ya ɗaura yaƙi ya nufi Karaye, ya yi sansani a Badari wata biyar kafin mutanen garin su bi. Lalle shekarun nan lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirga shekarun sarakuna da baya da baya, ba za a rantse a kansu ba. Amma abin lura shi ne marubucin ya haɗa al'amura biyu a wuri guda: gama ganuwar birni, da mallakar Karaye. Sarkin da ya rufe gidansa, abu na farko da ya duba shi ne ƙofar yamma.

Haka abin ya ci gaba har ƙarni huɗu da ɗoriya. A zamanin da Kano da Katsina ke ta gwabzawa, Karaye ce sansanin Kanawa. Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, bayan ya ci nasara kan Katsinawa a Karaye ya sauka, a can kuma ajali ya same shi. A zamanin magajinsa Muhammadu Nazaki aka yi wani mutum da ya kamata duk mai nazarin gini ya san sunansa, shi ne Wambai Giwa. Tarihin ya ce sarki ya fita yaƙi ya bar shi a gida saboda rashin lafiya. Da ya warke sai ya tambayi mutanensa abin da zai yi wanda zai faranta wa sarki rai in ya komo, suka ce ya ƙara faɗin birni. Ya kuwa tashi ya ja ganuwa ta wajen Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har ta haɗe da Kansakali. Kowace safiya, in ji tarihin, yakan kawo wa ma'aikata ƙwarya dubu ta abinci da shanu hamsin, har aka gama. Bayan wannan sai ya koma Karaye da zama, yana kai wa Katsinawa hari, har ya tara dawaki dubu da masu lifidi ɗari. Ƙarfinsa ya kai matsayin da aka ji tsoron zai yi tawaye, don haka aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi.

Ko da an rage rabin shanun nan don kambamawar masu ba da labari, abin da ya saura ya isa ya nuna cewa ganuwa ba aikin magini ɗaya ba ne. Aikin gari ne gaba ɗaya, kuma da abinci ake gina ta kamar yadda ake gina ta da ƙasa. A riƙe wannan, za a komo kansa.

Mece ce ganuwa a idon mutanen da? Harshen kansa ya ba da amsa. Bahaushe bai ce wa kowane babban gari birni ba, sai mai ganuwa. Wanda bai kai ga ginin ƙasa ba sai ya kafa itatuwa kewaye da shi, a ce masa kafi, shi ya sa har yau ake da Kafin Hausa da Kafin Maiyaki da Kafin Madaki, ko da yake itatuwan sun daɗe da zama abincin gara. Ganuwa tana da gwalalo a bayanta, ana kuma barin sarƙaƙiya ta yi kauri a bakinsa don doki ya kasa kutsawa. Ta ciki akwai badala inda 'yan baka ke tsayawa, kalmar da Kanawa suka faɗaɗa har ta zama sunan ganuwar duka, suna cewa wane ɗan cikin badala ne. Kowace ƙofa da sarkinta, shi ke rufewa da magariba ya buɗe da asuba. Lokacin da Bature Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya ƙiyasta kewayen ganuwar wajen mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofofi 15, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke ciki ba. Sauran duk gonaki ne da fadamu da kududdufai. Wannan ba ɓarnar fili ba ce. In yaƙi ya taso mutanen ƙauye da dabbobinsu nan suke shigowa, kuma garin da aka kewaye wata da watanni tilas ya yi noma a cikin ganuwarsa. Tsarin da ya yi aiki a birni shi ne ya yi aiki, a ƙaramin ma'auni, a garuruwan kan iyaka irin su Karaye da Gwarzo, musamman a ƙarni na goma sha tara, sa'ad da mayaƙan Maraɗi suka riƙa faɗo wa yammacin ƙasar Kano.

To, yaya aka yi ƙasa zalla ta tsaya ƙafa talatin, ta kuma rufe soro mai faɗi ba ƙarfe ba siminti? Nan ne ya kamata a ɗan daɗe, domin nan hikimar take.

Magini yakan fara da zaɓen ƙasa. Jar ƙasa mai birji ake nema, a haƙo ta, a jiƙa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa ko kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Daga nan ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi mai tsinin kai, a shanya shi a rana. In an zo gini sai a jera shi gindi a ƙasa, a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, yaro yana jefawa daga ƙasa magini yana cafewa daga kan bango. Bangon kuwa da kauri yake tashi, yana sirancewa yayin da yake hawa, saboda haka nauyinsa a kan gindinsa yake zaune. Ramin da aka haƙi ƙasar shi ke zama kududdufi, watau kowane kududdufi na tsohon gari inuwar wasu gidaje ce da ke tsaye kusa da shi.

Matsalar magini ita ce rufi. Ƙasa tana ɗaukar nauyi in an danna ta, amma ba ta miƙewa bisa sarari. Abin da ya cece shi shi ne azara, wadda ake tsagawa daga kututturen giginya, itacen da gara ba ta cika damunsa ba. Sai dai azara ma tana da iyaka: in tazarar ta wuce kamar ƙafa shida ta soma lanƙwasa ƙarƙashin nauyin ƙasa. Da magina sun tsaya nan, da ɗakunan Hausawa duk sun zama lunguna. Dabarar da suka ƙago ita ce bakan gizo. Ana dasa azara cikin bango, a ɗan karkato ta ciki, a ɗaure wata a kanta ta zarce ta kaɗan, a lulluɓe da ƙasa a bari ya bushe, sa'an nan a ƙara wata, daga wannan bango da wancan, har su haɗu a tsakiya kamar bakan da ke fitowa bayan ruwa. In bakuna biyu ko fiye suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, shi ne daurin guga, an ari sunan daga yadda ake gicciya itace a bakin gugar rijiya. Wanda ya tsaya cikin babban zaure ya ɗaga kai, ƙasa kawai zai gani da zane, amma a cikinta akwai ƙashi na itace, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa.

Saura kariya daga ruwa, kuma a nan ake ganin yadda sana'o'in gari suke cin moriyar juna. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, a dama da ƙasa a shafe bango. Katsi kuwa shi ne abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a kwashe a ƙona a daka. In aka haɗa katsi da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan saiwar dafara, sai a sami laso, wanda ake shafe rufin soro da shi, ya yi shekaru yana tare ruwa. Ke nan rufin attajiri ya dogara ga marini da majemi. Ranar da karofi ya mutu, laso ya mutu tare da shi, ko da kuwa magini na nan da ransa. Indararo ke fitar da ruwa nesa da bango, zanko kuwa, wanda baƙi ke ɗauka ado ne kawai, yana ƙara wa kusurwa nauyi, kuma a nan ruwa ke fara ci kafin ya kai ga jikin ginin.

Inda wannan fasaha ta kai ƙololuwa shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Ba shi da takardar zane, ba shi da ma'auni sai igiya da ido da taku. Ana ba da labari cewa daga baya wani sarki ya sa ya gina masa masallaci, da ya gama sai ya kashe shi don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Irin wannan labari ana ba da shi a kan manyan magina a ƙasashe da dama, ba lalle ne ya faru ba, amma ya nuna matsayin da jama'a suka ba gwaninta. A cikin shekarun 1970 aka rushe wani sashe na masallacin, aka gina sabon masallaci na siminti ya lulluɓe abin da ya rage. A Kano ma tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, mai doguwar hasumiya, bai tsira ba: an maye gurbinsa da wanda ake gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wajen 1951. Hasumiyar Gobarau ta Katsina tana cikin 'yan kaɗan da suka kai labari.

Me ya kashe su? Amsar da ta fi sauƙi ita ce ruwan sama, kuma ita ce amsar da ta fi rauni. Ruwa yana zuba a kan ganuwar Kano tun zamanin Gijimasu, bai cinye ta ba sai a ƙarnin da ya wuce. Gini na dutse ana iya gama shi a tafi a bar shi. Na ƙasa ba a gama shi, kowace kaka sai an koma masa da yaɓe. A da, in damina ta ɗauke, akan raba ganuwa kashi-kashi, kowace unguwa da kowane hakimi da nasa rabon, a fito da kiɗa a gyara abin da ruwa ya zubar. Kada kuma son abin da ya wuce ya rufe ido: aikin ba duka na gayya ba ne, da yawa na tilas ne, kuma bayi ne suka ɗauki mafi nauyinsa. Abin da ya sa talaka ya jure shi ne ya san ranar da mahara suka zo bayan wannan bangon zai ɓuya. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ta wajen Kabuga da igwa, suka shiga birni cikin yini guda. Lugard da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irin wannan ganuwa a Afirka ba, amma daga ranar nan ta rasa aikinta. Hari ya ƙare, bauta ta bi baya, ba kuma wani Wambai Giwa da zai yanka shanu hamsin kowace safiya don bangon da ba ya tare kowa. Mai neman ƙasar gini ya ga ga tudu nan a bakin ƙofarsa, an riga an tattake masa. Mota ta zo ta tarar da ƙofar da aka yi don raƙumi. A 1937 aka fasa Sabuwar Ƙofa, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, amma sa suna a takarda bai hana kowa yanka fuloti a bakin badala ba.

Wanda ya ji wannan zai iya cewa ai haka zamani ya gada, kuma Turawan da ake koyi da su sun tsare nasu ne don na dutse ne. Labarin birnin Kirakof ya nuna ba haka abin yake ba.

Kirakof tsohon babban birnin Polan ne, a bakin kogin Bistula, kuma kamanninsa da Kano suna da ban mamaki. Yana da tudunsa, Wawel, inda fadar sarakuna da kaburburansu suke. Bayan Mongol sun ƙone shi a 1241 aka sake shata shi a 1257, da babbar kasuwa a tsakiya mai faɗin kamar mita 200 kowane gefe, a tsakiyar kasuwar kuma doguwar rumfar 'yan tufafi, wadda har yau ake ciniki a cikinta. Jami'arsa tun 1364 take. An kewaye shi da ganuwa mai hasumiyoyi fiye da 40, kuma a 1498 zuwa 1499, daidai ƙarshen sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, aka gina wata ƙaƙƙarfar kagara mai da'ira a gaban ƙofarsa ta arewa. Da igwa ta yi ƙarfi, sarauta kuma ta koma Warso, ganuwar ta zama kufai, gwalalonta ya zama juji mai wari. A farkon ƙarni na goma sha tara hukuma ta ba da umurni a rushe, aka kuwa rushe mafi yawanta tsakanin 1810 da 1814. Tubalinta gasasshe ne, gindinta dutse, duk bai cece ta ba.

Abu biyu suka faru bayan haka. Na farko, wani malamin jami'a mai suna Feliks Radwanski ya tsaya a majalisar birnin a 1817 ya hana a taɓa sashen arewa. Ana ba da labari cewa da ya ga maganar tarihi ba za ta ratsa 'yan majalisa ba, sai ya ce musu in aka kawar da bangon iskar arewa za ta riƙa kwararowa har kasuwa, ta sa wa jama'a mura, ta kuma riƙa ɗage wa matan kirki tufafi a kan hanya. Ko da wace hujja ya ci, Ƙofar Florian da hasumiyoyi uku da kagarar nan suna tsaye har yau. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci ga Kano da Karaye, filin da ganuwar ta tashi daga kai ba a raba shi fuloti ba. An cike gwalalon, aka dasa itatuwa daga 1822 zuwa 1830, ya zama lambu mai tsawon kusan kilomita 4 da ya yi wa tsohon birnin zobe. Bangon ya tafi, amma sawunsa na nan, duk mai tafiya a ƙasa ya san inda birni ya ƙare. A 1978 Kirakof na cikin wurare 12 na farko da UNESCO ta sa a jerinta.

Warso kuwa nata ya fi muni. A 1944 sojojin Jamus suka rushe fiye da kashi 85 cikin 100 na tsohon birnin da gangan. Bayan yaƙi mutanen suka sake gina shi gida-gida kamar yadda yake, har UNESCO ta karɓe shi a 1980. Abin da ya ba su iko shi ne akwai abin dubawa: zane-zanen da wani mai zane ɗan Italiya, Bellotto, ya yi wa titunan birnin a ƙarni na goma sha takwas, da kuma awon gine-gine da malamai da ɗaliban fasahar gini suka yi kafin yaƙi, aka ɓoye takardun har wuta ta mutu.

Daga cikin wannan al'ada ta awo aka sami Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan Polan, wanda ya rubuta littafi kan tarihin ginin ƙasarsa kafin ya zo Nijeriya a ƙarshen shekarun 1950. Mutumin da ya san yadda birni ke ɓacewa cikin 'yan watanni bai ɗauki tsayuwar kowane bango a matsayin tabbas ba. Ya yi shekaru yana yawo da matasan ma'aikatan Hukumar Kayan Tarihi, suna auna fadoji da masallatai da gidajen talakawa, suna zana su a takarda. A shekarun 1970 ya komo ya kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda aka ɗauko magina suka gina kwafin Masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, na farkon a kan Arewa. Yau wanda ke son ya san yadda Babban Gwani ya tsara masallacinsa kafin a taɓa shi, awon wannan baƙo yana cikin abin da zai dogara da shi. Amma kwafin na Jos ya koyar da wani darasi da mai shi bai nufa ba, domin shi ma na ƙasa ne, shi ma yana neman yaɓe, kuma duk lokacin da kuɗin gyara ya yanke sai ya soma zubewa kamar na asalin.

A nan ne hanyar Polan da ta ƙasar Hausa suka rabu. Takarda ta isa ta ta da bangon dutse, amma ba ta isa ta riƙe na ƙasa ba, sai da hannun da ya iya. A Jenne ta ƙasar Mali babban masallacinsu na ƙasa yana tsaye ne don kowace shekara gari duka ke fitowa yaɓe, sun mai da aikin biki. A ƙauyen Yama, cikin yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya soma masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, da bakan gizonsa da tulluwarsa, har aikin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Fasahar ba ta mutu don tsufa ba. Inda aka ba ta aiki tana yi.

Sai a komo Karaye. A 1992 aka gama madatsar ruwa ta Calawa a ƙasarta, ruwa ya rufe wuraren da a da ake noma ake zama. A 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a watan Mayu 2024 aka soke dokar, a watan Yuli na shekarar aka mai da ta masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Karaye da Rogo a ƙarƙashinta. Ba aikin wannan lacca ba ne ta shiga siyasar al'amarin. Abin da ya shafi gini shi ne, a ko'ina cikin ƙasar Hausa, in darajar gari ta ƙaru abin da ake fara nema shi ne sabon gini mai sheƙi, tsohon soro kuwa ya zama abin kunya da ake so a kawar kafin baƙi su iso. Sa'ad da gari ke bunƙasa, a sa'an nan ne tsofaffin gine-ginensa suka fi shiga hatsari, ba sa'ad da yake barci ba.

Ba wanda zai ce a sake ta da ganuwa kewaye da Karaye ko Rogo, ba kuma adalci ba ne a ce wa mai iyali ya zauna ƙarƙashin rufin da ke yoyo don masu yawon buɗe ido su sami abin kallo. Mai kwano yana da hujjarsa: azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci, laso ya ɓace, yaɓen kowace shekara kuwa kuɗi ne. Abin da ake iya yi ya fi wannan ƙanƙanta. Sawun ganuwa, inda bai riga ya shiga gidaje ba, ƙaramar hukuma da masarauta suna da ikon su shata shi su hana yankawa, a dasa ɗorawa da giginya a kai, itatuwan da ginin kansa ke bukata. Ƙofa ɗaya ko zaure ɗaya da aka zaɓa aka ɗora wa Sarkin Magina alhakinsa, da ɗan kasafi na kowace kaka, ya isa ya riƙe magina biyu ko uku da yaransu cikin sana'ar. In titi ya matsa, ana iya ratsawa ta gefen ƙofa a bar ta tsaye, kamar yadda titunan Kirakof suke kewaye tasu.

Sauran aikin na jami'a ne, kuma sashen Hausa ba zai tura shi ga sashen fasahar gini ya zauna ba. Ɗalibin gini zai auna bango, amma sunan ƙofa, da dalilin sunan, da wanda ya riƙe mabuɗinta, da rabon da kowace unguwa take gyarawa, da sunayen sassan bakan gizo yadda magina ke kiransu a bakin aiki, waɗannan a bakin tsofaffi suke, kuma ɗalibin harshe ne ya san yadda ake tambayarsu. Yaron da ya yi wasa a kan badala a shekarun 1940, kafin kwano da siminti su game ƙauyuka, yau ya haura tamanin. Ɗalibai biyu, ɗaya da igiyar awo ɗaya da na'urar ɗaukar magana, suna iya gama gari guda cikin hutun rani ɗaya, in sun fara da gaisuwa a ƙofar fada aka haɗa su da wanda zai kai su wurin Sarkin Magina.